Iskar Ɗakin Zulaiha

Ban taɓa ɓoye wa kowa ba cewa ban ga abin da ƙanwata Zulaiha ta gani a jikin mijinta Malami ba. Mutum ne wanda in ya shiga Maraɗi sau biyu a wata, sai ya dawo yana magana kamar shi ya kafa garin. Gero da albasa yake kaiwa, ya ɗauko sabulu da taliya, amma in ka ji shi a bakin masallacin Kamarawa sai ka rantse jiragen sama yake saye yana sayarwa. Kalmomin Faransanci uku ya sani, kuma duk ukun yake zuba wa mutane ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Abin da ya fi ba ni haushi da shi, bai taɓa barin magana ta kai ƙarshe ba. Kana tsakiyar faɗa zai ɗaga hannu ya ce “dakor, dakor”, wai shi ya gane, alhali ko ƙofar maganar bai shiga ba.

Ni ce Hajjo, yayar Zulaiha uwa ɗaya uba ɗaya. A Sabon Birni nake zaune, sana'ata haɗa turaren wuta, shekara ashirin da shida ke nan. Ba yabon kai ba, duk amaryar da aka kai ɗaki ba da turarena ba, daga nan har Bafarawa, abin a tausaya mata ne. Hancina ba ya kuskure. Ina shiga ɗakin mace, labule nake fara kamawa in shinshina, kuma abin da hancina ya gaya mini shi nake gaya mata, ko da wa ke wurin.

Zulaiha fuka gare ta tun tana ƙarama, wajen Innarmu ta gado. Da bazara da damina ba ka cewa tana da wani ciwo. Amma da zarar ɗari ya sauka, kowa ya shige ɗaki ya ja ƙofa, sai ƙirjinta ya fara kuka kamar an taka ɗan kyanwa. Haka Inna ta yi ta fama, har ta cika a ɗakina shekara shida da suka wuce, cikin tsakiyar sanyi. A kan jinyar Inna kuwa ba wanda ya isa ya gaya mini magana. Ko sau ɗaya ban bar sanyi ya taɓa ta ba. Kasko biyu nake ajiye mata, ɗaya na gawayi ɗaya na turare, har masu zuwa dubiya suna cewa ba su taɓa shiga ɗakin majinyaci mai ƙamshi haka ba.

Bara kasuwa ta yi wa Malami kyau, sai ya rushe ɗakin ƙasa da Zulaiha ke ciki ya yi mata na bulo da kwano. Ya sa silin na roba, ya bar 'yar taga ɗaya wadda ko akuya ba ta fita ta nan. Ya ɗauko wani kafet mai gashi daga Maraɗi ya shimfiɗa bango da bango, kuma kada ka kuskura ka ce masa kafet, tapi ne. Da sanyi ya shigo, ya sa aka liƙe tagar da kwali, aka tura tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ya saya mata buhun gawayi. Duk wanda ya zo gidan sai an kai shi ya ga ɗakin, kamar an buɗe sabon masallaci.

A wannan ɗaki ciwon nata ya tashi irin tashin da bai taɓa yi ba.

Wata Talata da hantsi ya bugo mini waya, muryarsa cike da murna kamar wanda ya tsinci raƙumi.

“Yaya Hajjo, an gano abin,” in ji shi. “Jiya na kai ta asibiti Isa. Likita da bakinta tac ce iska ta.”

“Wace iska?”

“Iska dai da kinka sani. Tac ce iskad da ke cikin ɗakin ga ita ka tada mata ciwo, sai an hidda ta. Ni dama na daɗe ina zargi. Tun da munka yi ginin ga abin yaƙ ƙaru, ashe bisa mazauninsu munka aza bulo. Na kira Kalilu, gobe da sahe za shi hwara aiki.”

Na ce masa ya tsaya, me dai likitar ta ce daga farko har ƙarshe. Ya ce dakor, dakor, ya kashe waya.

Ni ban yi boko ba, amma ban taɓa jin inda ma'aikaciyar asibiti ta duba mutum ta rubuta masa aljani ba. Kalilu kuwa na san shi tun yana sayar da rake a tashar Isa. Rake ne bai karɓe shi ba, wata rana aka wayi gari ya naɗa rawani ya rataya jakar fata, ya ce mutanen ɓoye sun ba shi aiki. Tun daga nan mace ba ta yin atishawa uku a jere a ƙauyukan nan ba tare da ya gano mata iska ba.

Da na so in kama hanya a ranar, amma kafin in sami mota la'asar ta kawo jiki, hanyar nan kuwa ba mai hankalin da ke bin ta da yamma. Washegari ina idar da sallar asuba na fito. Na jefa sabuwar kwalbar turare a jaka, don ban taɓa zuwa wurin ƙanwata hannu sake ba. Mota ta sauke ni Isa, na hau babur zuwa Kamarawa, sanyi yana yankar kunnuwana har na isa.

Tun daga zaure warin ya tare ni: tazargade, farar wuta, da barkono. A tsakar gida na iske Malami tsaye nesa da ɗakin, ya toshe hanci da hannun riga, idanunsa na zubar da ruwa. Kalilu ma a waje yake, ya durƙusa a bakin ƙofa yana riƙe da ita kada ta buɗe. Ƙarti biyu, ba wanda ya iya jure abin daga waje, amma sun rufe mai fuka a ciki.

“Ina Zulaiha?”

“Tana ciki, an lulluɓe ta da bargo,” in ji Malami. “Saurara ki ji, Yaya.”

Na saurara. Wani siririn fito ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar, ya ja, ya tsaya, ya sake ja.

“Kin ji shi?” in ji Kalilu, ko kunya babu. “Shi na ka kuka. Ya ji wuta, yanzu za shi hita.”

Wannan kukan na san shi, shi na kwana arba'in ina ji a ƙirjin Inna. Ban san lokacin da na ture Kalilu ya faɗi zaune ba. Na banka ƙofar, hayaƙi ya buge ni har sai da na dafa bango. Na lalubo bargon na yaye, na sa ƙafa na shure kaskon. Zulaiha tana durƙushe, hannayenta kafe a ƙasa, ramin wuyanta yana shiga yana fita, leɓɓanta sun yi toka. Ta dube ni, ba ta da numfashin da za ta kira sunana. Na kama ta ta hammata na ja ta waje.

Abin da Malami ya fara cewa, Allah shi ne shaidata, shi ne, “Yaya, garwashi ya zuba bisa tapi.”

Abin da ke bakina a lokacin ba na faɗa a gaban Musulmi ba ne. Na ce ya tada babur. Muka sa ta a tsakiya, ni a baya na rungume ta da hannu biyu, na lulluɓe mu da mayafina don sanyi. Duk tsawon hanyar tana kawar da fuska daga jikina, tana miƙa wuya gefe. Na ɗauka kunyar abin da ta bari aka yi mata take ji.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ce ta karɓe mu, 'yar siririya, Halimat sunanta, ita ce Malami ke kira likita. Ba ta tsaya tambaya ba, ta kwantar da Zulaiha a jingine, ta ɗaura mata wani abu a hanci da baki mai fitar da tururin magani. Muka zauna muna kallon ƙirjinta. An fi awa kafin fiton nan ya lafa, leɓɓanta suka dawo irin na mai rai. Sai a sannan Halimat ta juyo ta tambayi me ya faru, tunda shekaranjiya da ƙafarta ta fita daga nan.

Na ba ta labari, ban rage ko barkono ɗaya ba. Ta juya wajen Malami.

“Alhaji,” ta ce a hankali, “iska nac ce, wagga da muka shaƙa ni da kai. Na ce iskad ɗakin ta ɓaci, a buɗe taga ta hita, sabuwa ta shigo. Na hwara lissaha maka abubuwan da za a kawar, kaɗ ɗaga hannu kac ce ka gane.”

Malami ya sunkuyar da kai. Wallahi na ji daɗi, irin daɗin da mutum ke ji in an sosa masa inda hannunsa bai kai ba. Shekara goma sha tara ina jiran ranar da wani zai sa mutumin nan ya ji magana har ƙarshe, ga ta ta zo, kuma a bakin yarinyar da ba ta girme wa 'yarsa da yawa ba.

Ta yi masa bayani dalla-dalla kamar mai koya wa yaro alwala. Ta ce ba sanyin kansa ne ya fi cutar da mai fuka ba, abin da mutane ke yi don gudun sanyin ne. A rufe ɗaki ruf, a hura gawayi, duk abin da ya tashi ba shi da hanyar fita sai ƙirjin wanda ke ciki. Tsohon ɗakin ƙasa ko ba komai yana da kafofi. Ta ce kafet mai gashi yana tara datti da wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, su ma suna tada ciwon. In ana jin ɗari a ƙara tufa, a ƙara bargo, amma wuta ta tsaya a waje, taga kuma a buɗe ta kullum da rana.

Ni kuwa ina gefen gadon ina gyaɗa kai. “Hwaɗa mishi,” nake cewa. “Ƙara hwaɗa mishi. Tapi, wai tapi.” Na matsa na gyara wa Zulaiha ɗankwali, na sunkuya ina share mata gumi da bakin mayafina. Sai ta fara tari.

“Hajiya,” in ji Halimat, “don Allah ki ɗan ja baya daga gadon ga.”

Na waiga in ga da wa take.

“Da ke nike. Turaren da ke jikinki. Tun da kinka matso numhwashinta yas sake. Shi na abu na gaba da za ni hwaɗi: turaren wuta. In ana sa shi ɗakinta, a daina.”

Na dube ta sama da ƙasa. Yarinyar da ke warin maganin wanke ciwo, wadda na tabbata ba ta san ko hawi da gajiji da ake haɗa shi da su ba, ita ce za ta gaya mini turare. Na ce mata nawa ba irin na bakin tasha ba ne da ake haɗawa da itacen banza, nawa sandal ne da farce da madarar turare mai kyau, matan manya ke aiko a saya.

“Na yarda mai kyau na,” ta ce. “Amma hayaƙi na. Ƙirji bai san ƙamshi ba, Hajiya.”

Na juya wajen Zulaiha ina jiran ta sa baki, ta ce wannan turaren da shi ta tashi. Ta rufe idanu kamar mai barci.

Kwana biyu aka riƙe ta. Ni kuma na koma Kamarawa na sauke fushina a kan ɗakin. Na sa Malami ya ɓamɓare kwalin taga da hannunsa, ya naɗe tapinsa mai ƙuna uku ya fitar, ya wanke ƙasa, ya kira mai gini ya fasa wata tagar ta fuskanci ta farko. Ban bar shi ya zauna ba. Kalilu ya aiko wai a ba shi kaskonsa, na ce ya zo da kansa ya karɓa. Har yau bai zo ba.

Ina share ƙarƙashin gado na jawo kwali biyu. Kwalaben turarena ne, cike da kwalayen, duk babu komai a ciki, an wanke su tas an jera. Na shekaru ne, har da masu jan murfi da na daina saye tun Inna na da rai. Zuciyata ta yi sanyi. Ga shaida nan: ko ɗaya ba ta bari ya lalace ba, duk ta ƙone su. Wanda abu ke cutarwa ai ba ya cinye shi har ya wanke kwalba.

Ranar Juma'a da hantsi Malami ya dawo da ita, da 'yar kwalbar shaƙa a ƙulle a bakin zanenta. Na shimfiɗa mata tabarma a rana. Da ya fita neman mai ɗaukar tapi, na jawo kwalayen na ajiye a gabanta.

“Ga su nan,” na ce. “Da kin buɗe baki kin gaya ma yarinyar can. Shekara nawa kina sa shi, ya taɓa damunki?”

Ta dubi kwalaben. Zulaiha ba mai magana ba ce, tun muna yara ni ke yi mata.

“Ya dame ni, Yaya,” ta ce. “Kullum.”

Na yi tsammanin ban ji daidai ba.

“In na aza shi sai in hita tsakar gida har ya lahwa. Amma da ɗari ina za ni? Sai in zauna ciki in sa zane ga hanci.”

“To wa yaƙ ƙaƙaba miki? Mi yas sa ba ki bari ba?”

“Na taɓa bari. Shekarad da na yi ɓari, wata biyu ban sa ba, na ji sauƙi ƙwarai. Kinka zo kinka kama labule, kinka ce ɗakina na warin ɗakin gwauro. Gaban dangin Malami kinka hwaɗa.”

Na tuna ranar. Har dariya aka yi, ni kuma na ji daɗin yadda maganar ta fito.

“Ai sai ki gaya min,” na ce, amma muryar ba tawa ba ce.

“Wa ka gaya miki magana, Yaya?” Ba da faɗa ta faɗa ba, a hankali, tana jan numfashi tsakanin kalmomi. “Malami ko dakor yakan ce. Ke ko shi ba ki cewa.”

Wata kaza ta zo tana tsattsagar bakin tabarma, ba wanda ya kore ta. Akwai tambaya ɗaya a maƙogwarona, na san in na yi ta ba ni da wurin mayar da amsar. Na yi ta.

“Inna hwa?”

Zulaiha ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

“Lokacin da niz zo jinya, in kin tai kasuwa takan ce in hidda kaskon in ɗaga labule. In mun ji sallamarki sai in maido shi da sauri. Na ce za ni gaya miki, tac ce in ƙyale ki. Tac ce da shi kika ci da mu duka, kuma gata kika yi mata iyakar saninki.” Ta ɗago ta dube ni. “Kwananta ya ƙare, Yaya. Ban ce ke ta ba.”

Ba ta ce ba. Amma ni ce nake tashi in ƙara garwashi duk lokacin da na ji kukan ƙirjin ya yi yawa, in barbaɗa turare, in gyara tsumman ƙofa. Kwana arba'in. Mutane suna yaba ƙamshi ina cewa ai uwa ta fi haka.

Na tashi na shiga bayan gida da bokiti. Na wanke jikina da sabulun salo sau uku, na tsefe kaina na wanke, na aika maƙwabta aka aro mini zane da riga. Da na fito na kai hannu hanci. Turaren yana nan. Shekara ashirin da shida ba ta fita da bokiti ɗaya, kuma hancina ba ya kuskure.

Kafin nan Zulaiha ta shiga ɗaki ta kwanta, tagogin biyu a buɗe. Malami ya shigo da mai amalanke, suka ɗora tapi. Ya tsaya yana kallonsa kamar gawa za a fitar, na ji maganar da ta dace da shi ta zo mini har bakin harshe, mai kyau ce ƙwarai. Na haɗiye ta.

“Yaya, ki shiga ciki mana, ɗari ake,” ya ce.

Na ce masa nan ma ya yi.

Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna a gindin sabuwar taga. Daga nan ina jin numfashinta, yana shiga yana fita ba fito ba kuka, irin wanda ban taɓa ji daga gare ta da sanyi ba tun tana goye. Jakata tana rataye a ƙofar gida, sabuwar kwalbar na ciki, ban san abin da za ni yi da ita ba. Can sai iska ta juya, ta biyo ta kaina ta nufi tagar. Na ji ta yi ɗan tari sau ɗaya, ta yi sauri ta danne shi don kada in ji.

Na ɗauki kujerar na koma can bakin rumbu, inda warina ba zai kai mata ba.